Goron da Ya Hau Tire Mai Tuta

Ranar Laraba suka fara haɗuwa, ranar da kasuwar Dutsin-Ma take ci, ana ta shirin bikin tunawa da samun 'yancin kai. Sakinatu ta fito daga lacca a jami'a, ta biyo layin masu kwanuka tana neman wa kakarta murfin flas, sai ta ci karo da wani shago da ya sha kore da fari tun daga ƙasa har rufi. Kofuna, faranti, tire, har da mazubin sukari, babu wanda ba a buga masa tutar Najeriya ba.

Ta ɗaga wani tire mai tambarin ƙasa ta ƙare masa kallo, dariya ta kuɓuce mata.

"Lafiya dai, Hajiya?" in ji mai shagon, wani dogon saurayi da fenti ya ɓata wa yatsu.

"Lafiya lau. Tambaya gare ni, Malam. Waɗannan dawakai ne ko jakunan masu itace?"

Ya karɓi tiren ya duba kamar yau ya fara ganinsa. "Dawakai ne mana. Tsadar rayuwa ce ta ramar da su."

"Ita kuma mikiyar, sak kazar da ruwa ya buga."

"To ke ina kika taɓa ganin wanda ya fi wannan?"

"A ɗakin kakata a Kurfi. Na ainihi, na shekarar da aka samu 'yancin. In ka ga wancan, da kanka za ka kwashe waɗannan ka tura ƙarƙashin gado."

Abdullatif sunansa. Sana'arsa buga hoton ango da amarya a jikin kofi da faranti, irin wanda ake rabawa wurin biki. Bana ne ya ce bari ya gwada na ƙasa, wai ya gaji da kallon fuskokin angwaye. Da ya ji zancen tiren tsohuwa sai ya manta da masu ciniki, ya hau tambaya ba ƙaƙƙautawa. Sakinatu dai ta koma Kurfi babu murfin flas, sai kofi guda da ya ce ta kai wa kakarta ta yanke masa hukunci, da lambar wayarsa manne a gindin kofin.

Washegari da hantsi, bayan ta gama ja wa kanta aji, ta tura masa saƙo.

"Alƙaliya ta ce shayi ya shiga lafiya, amma korenka ya yi duhu kamar miyar kuka."

Nan take amsa ta dawo. "Na karɓi hukunci. Ke fa, me kika ce?"

"Ni ban ce komai ba tukuna."

"To zan jira, Hasken Kurfi. Shagona ba ya zuwa ko'ina."

Daga nan fa Laraba ta zama ranar da Sakinatu ba ta iya zama wuri ɗaya. Tana aji hankalinta na layin kwanuka. Ita ta riƙa kiransa Mai Tuta, shi kuma bai sake kiran sunanta na yanka ba. Har ciniki ta samo masa: yayarta Lubna malama ce a wata firamare a Kurfi, kuma makarantar na son raba wa yara kofuna ranar bikin 'yancin kai. Abdullatif ya ɗauko samfuri a mashin ya kai har makarantar, suka zauna da Lubna suka zaɓi launi, suka rabu cikin mutunci.

Abin da Sakinatu ba ta yi ba shi ne ta gaya wa kowa a gida abin da ke tsakaninsu. Tana da dalili. Mahaifiyarsu ta rasu tun Sakinatu tana ƙarama, Lubna ce ta goye ta, ta yi mata kitso, ta raka ta makaranta. Manema sun zo wa Lubna sun wuce, abu bai yiwu ba, ita kuma ba mai yawan magana ba ce balle a san ciwonta. Mahaifinsu Malam Ummaru kuwa ya sha faɗa cewa ba zai saurari zancen ƙarama ba sai babba ta shiga ɗakinta. To da wane baki Sakinatu za ta fara?

Shi kuwa Abdullatif kullum roƙonsa ɗaya. "Don Allah ki aro mani tiren nan in gan shi da idona. In kwafi zanen in dawo da shi, ko ƙura ba za ta taɓa shi ba."

Tiren yana rataye a bangon ɗakin kakarsu Inna Tani, bisa jeren kwanukanta. Na ƙarfe ne mai nauyi, irin na da, da tuta biyu a giciye, da shekarar 1960 a ƙasansu, gefensa duk ya ɓantare don tsufa.

"Shekarar aka kai ni ɗaki," in ji Inna Tani da Sakinatu ta je aro. Duk sanda aka taɓa tiren nan sai ta ba da labarinsa. "Ubana ya sawo shi a Katsina. 'Yan makaranta aka raba ma su kofuna da 'yan tutoci, suna ta yawo a gari kamar sallah. Ni ban san mene ne 'yancin kai ba, na dai san kowa na dariya, na ce to ni ma nawa 'yancin ke nan, na bar wanke-wanken gidanmu. Ashe wanda ya fi shi zan tarar! Wa zai ara?"

"Mai buga kofunan makarantar su Yaya Lubna ne, Inna. Zanen yake son gani."

"To a dawo mani da shi kafin ubanku ya lura. Kin dai san aikinshi a gidan nan."

Ta sani kuwa, duk unguwar ma ta sani. Tun daga kan goggonninsu, duk ɗiyar gidan da aka zo nema, a kan tiren nan ake zuba goron tambaya a ratsa tsakar gida da shi zuwa ɗakin Inna. Maƙwabta in suka hango tuta ɗauke da goro, ba sa jiran a faɗa musu, guɗa kawai suke saki. Sai dai Sakinatu ba ta ga dalilin gaya wa Abdullatif wannan ba. Aro ne fa kawai, ta ɗauka ta kai masa.

Ranar wata Asabar da la'asar, tana dawowa daga gidan ƙawarta, tun daga bakin layi ta jiyo guɗa. Ta ɗaga ƙafa. Tana shiga ta tarar da tsakar gida cike da mata, ga tire mai tuta a tsakiya, shaƙe da goro da dabino da alawa. Wata baƙuwar mata mai fara'a tana riƙe da hannun Lubna tana ta zuba.

"Ai ina ganinki na ce ke ce! Ni ce Goggonshi Talatu. Yaron nan ya ishe mu da zancen ɗiyar Malam Ummaru, ba ya ci ba ya sha. Kai, Abdullatif ya iya zaɓe!"

Lubna ta sunkuyar da kai, ta ja gyale ta rufe fuska. Amma kafin ta rufe, Sakinatu ta ga abin da ta daɗe ba ta gani ba a fuskar yayarta. Murmushi ne, irin wanda yake fitowa tun daga ciki.

Sakinatu ta sulale daga cikin matan. Ta zagaya bayan ɗaki ta rubuta wa Abdullatif: "Me ka aikata? Wa ya ce ka zuba goro a tiren nan?"

"Ba ni ba ne, Hasken Kurfi. Hajiyarmu ce ta gan shi, ta ce a gidanmu ba a mayar da kwanon mutane haka nan ba komai ciki, sai da tukuici. Goggo za ta suna Kurfi, aka ba ta. Wani abu ya faru?"

"An yi guɗa. Duk unguwa ta ɗauka Yaya Lubna ka aiko nema."

Ya kira, ta katse. Ya sake kira, ta sake katsewa. Sai saƙo: "Innalillahi. Yanzu zan hau mashin in zo in yi bayani."

"Kar ka zo. In ka zo a gaban matan nan ka kashe ta."

Kafin magariba labari ya zaga Kurfi. Malam Ummaru ya dawo daga kasuwar hatsi ana ta yi masa barka a hanya. Ya ɗan yi faɗa cewa wane irin nema ne za a turo mace ba a turo maza ba, amma faɗan bai kai zuci ba. Sakinatu na ji yana gaya wa Inna Tani, "Na yi tambaya a kanshi, an ce yaron kirki ne, mai sana'a. Allah Ya ji kukana a kan Lubna."

Kwanakin da suka biyo baya Sakinatu ba ta san inda za ta sa kanta ba. Ta zauna ta tashi, ta ɗauki tsintsiya ta ajiye, ta ɗora tukunya ta manta ba ta zuba ruwa ba. In ta shiga ɗaki ta tarar da Lubna na gwada sabon ɗinki, in ta fito ta tarar da maƙwabciya ta zo barka. Wayarta kuma ba ta huta da saƙonnin Abdullatif ba.

"Ba na iya aiki. Yau na buga tambarin ƙasa a kife a kofi wajen dozin."

"Ka ƙara mani lokaci, Mai Tuta."

"Duk wayewar gari abin ƙara girma yake. Ki bari in turo kawunnaina su faɗi gaskiya."

"Ita ta goye ni. Ba za ta ji daga bakin wani ba."

Har ta taɓa rubuta masa, "Ko dai ka aure ta? Ta fi ni komai." Ta daɗe tana kallon saƙon kafin ta tura. Amsar da ta zo gajeriya ce: "Yayarki ta fi ƙarfin a aure ta don tausayi. Ni kuma ke nake so."

Da safe suna wanke-wanke a bakin rariya, Lubna ta ce a hankali, "Sakina, ke da kike Dutsin-Ma kullum, wane irin mutum ne? Ni sau ɗaya muka zauna, kuma zancen kofi kawai muka yi. Har yau bai kira ni ba, ko kunya ce?"

Kwanon da ke hannun Sakinatu ya suɓuce. Ta durƙusa nan cikin ruwan kumfa ta riƙe ƙafar yayarta.

"Yaya, ki yafe mani. Ba ke ya aiko nema ba. Bai ma aiko neman kowa ba, tukuicin aro ne. Ni ce muke tare da shi, na ɓoye maki."

Lubna ta ci gaba da cuɗa tukunyar da ke hannunta, tukunyar da ta riga ta fita tas. Can ta ɗauraye ta, ta kife, ta ce, "Tun yaushe kika sani?"

"Tun ranar."

"Kika bar ni ina gwada kaya."

Lubna ta shige ɗaki. Kafin azahar ta haɗa 'yar jakarta ta tafi garin Makera wurin ƙanwar mahaifiyarsu.

Da zancen ya kai kunnen Malam Ummaru, gidan ya ɗauki zafi. Bai taɓa ɗaga wa Sakinatu murya irin ta ranar ba.

"Kin fitar da tiren uwata ba da sanina ba! Kin bar ni ina amsa barka a kasuwa! Ɗiyata ta zama abin zance a bakin rijiya, sannan a ce in ɗauki ƙanwarta in ba wanda ya jawo? Muddin ina numfashi yaron nan ba zai taka zaurena ba."

Kawunnan Abdullatif suka zo ba da haƙuri, ya karɓe su a ƙofar gida a tsaye, ya ce ya ji, Allah Ya kiyaye hanya. Hajiya Mas'uda, mahaifiyar Abdullatif, ta aiko cewa laifinta ne, ita da ta yi don girmamawa. Inna Tani ma ta sa baki. "Ummaru, matar nan tarbiyya ta nuna. Wa ke mayar da kwano wayam? Al'adarsu ce ta yi karo da tamu, ba mugunta ba." Ya ce, "Inna, ki yi haƙuri, ban da wannan."

Ranar bikin 'yancin kai ta zo ta wuce. Yaran firamare suka yi maci suka koma gida da kofunansu, malamar da ta yi odar kofunan ba ta wurin. Sakinatu ta daina bi ta layin kwanuka. Ta rame, ta yi zuru-zuru. Saƙo ɗaya ta tura masa: "Na cuci yayata. Ban cancanci in yi farin ciki da kai ba. Ka daina nemana." Ya amsa: "Zan daina kira tunda kin ce. Daina jira kuwa ba a hannuna yake ba."

Ita kuwa Lubna, kullum sai Sakinatu ta tura mata gaisuwa, kullum shiru.

Sai wata Laraba, ta fito daga ƙofar jami'a, ta ga mace tsaye a gindin bishiya da jaka a hannu. Lubna ce.

"Dubi yadda kika koma, kamar sillen kara," in ji ta, ba ko murmushi. "Wuce mu je ki nuna mani shagon."

Abdullatif na ganinsu ya miƙe har yana ture kofuna. Ya rasa wadda zai fara gaisarwa.

"Zauna, Malam," in ji Lubna. "Tambaya ɗaya na zo yi. Da ka ji an yi guɗa da sunana, me ya hana ka zuwa?"

"Na so in zo, Anti. Ta ce in na yi magana gaban mutane na wulaƙanta ki. Na bi maganarta, kuma na yi kuskure da na bari abin ya daɗe. Ki yafe mani."

"Ba ka ɗora mata laifin duka ba, ka ci wannan." Ta juya ga ƙanwarta. "Ke kuma, ba aurenshi ne ya yi mani ciwo ba, mutumin da ban sani ba. Murna na yi an ce wani ya gan ni ya zaɓa. Abin da ya ƙona ni, ke da nake wanke wa kashi, kika ga ba za ki iya gaya mani kina son wani ba. Kin mayar da ni katangar da ake zagayewa."

Sakinatu ta fashe da kuka a tsakiyar kasuwa. Lubna ta jawo ta jikinta tana goge mata fuska da bakin gyale. "Ya isa, kar ki tara mana jama'a. Guɗa ɗaya ta ishe ni bana."

Da yamma Malam Ummaru na zaune a tabarma a tsakar gida, Lubna ta zo ta durƙusa gabansa. Sakinatu na laɓe a bakin ƙofar Inna.

"Baba, don ni ka hana, ko?"

"Don ke mana. Mutuncinki nake karewa."

"To ka duba mani nan gaba. Yau ana cewa an yi kuskure a gidan Malam Ummaru, gobe wani zancen zai taso a manta. Amma in ka hana, har in tsufa za a riƙa nuna ni ana cewa ga wadda ta tare wa ƙanwarta aure. Kowa ya zo nemana sai an gaya mashi. Wannan ne ba zan iya ɗauka ba. Kunyar nan tawa ce, Baba, kuma na yafe ta. Ka bar ni in yafe."

Malam Ummaru ya ce, "Ni fa so nake in ga ɗakinki kafin nata."

"Na sani. Nawa na wurin Allah, ba ya hannun Sakina. Ka cire mani wannan sharaɗin daga wuya, ya fi ƙarfina. Tun da ka faɗe shi nake jin kamar ni ke riƙe da ƙofar gidan nan."

Wannan maganar ce ta karya shi. Bai taɓa tunanin dokar da ya kafa don gatanta ta zame mata kaya ba. Ya share ido da hannun riga, ya ɗaga murya. "Ke mai laɓe, fito! Ki gaya mashi ya turo maza. Maza na ce, kar in sake ganin Goggo Talatu da kaya a ka."

Daga cikin ɗaki Inna Tani ta ce, "A dai bar ta ta zo biki, bakinta na da daɗi."

Sakinatu ta ruga bayan ɗaki ta ciro waya. "Mai Tuta, ka turo kawunnanka. Baba ya yarda."

"Ki sake turowa, idona bai gani da kyau ba."

"BABA YA YARDA."

"Alhamdulillahi. Na rufe shago, yau ko gwamna ya zo sai gobe."

Bayan an kawar da amfanin gona aka ɗaura aure a ƙofar gidan Malam Ummaru, jama'a daga Dutsin-Ma har Makera. Lubna ce uwar biki. Ita ta tsaya kan girki, ita ta jagoranci jere, ita ta yi faɗa da masu ɗinki. Duk wadda ta zo da niyyar kallonta da tausayi, sai ta samu kanta riƙe da muciya ana ba ta aiki.

Da za a fita da amarya aka kai ta gaban mahaifinta. Ya dafa kanta ya ce, "Ki riƙe gaskiya a gidanki ko da tana da nauyi, kin ga abin da ɓoyo ya jawo. Allah Ya yi maki albarka, Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari." Sannan ya miƙa ɗaya hannun ya dafa kan Lubna, wadda ke riƙe da mayafin amarya. Ya ce, "Ke kuma, Allah Ya ba ki wanda ya san darajarki."

Tsakar gida ta amsa da amin. Lubna ta miƙe, ta gyara wa ƙanwarta lulluɓi, ta kama hannunta.

"Taso mu je," ta ce. "Ni na kai ki makaranta ranar farko, ni zan kai ki ɗakinki."